Sara Uku a Jikin Tsamiya

A bayan garinmu akwai wata ƙorama da ko suna ba ta da shi a taswira. Wata takwas cikin shekara yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a cikinta, masu tifa na ɗiba. A gaɓarta ta gabas akwai tsamiya, a jikin tsamiyar kuma, daidai ƙirjin mutum, akwai sara uku na gatari da suka warke suka bar tabo. Baffana ne ya yi su da hannunsa a daminar 1988, shekarar da dam ɗin Bagauda ya fashe. Da yake itace ta kai yake ƙara tsawo, saran na nan inda aka yi shi, bai hau ba, bai sauka ba.

Da ƙanena ya sayi fuloti a wannan gefen, sai muka ɗauki Baffa ya je ya sa albarka. Ƙanena ya tambaye shi cikin ladabi, "Baffa, anya ruwa ba ya zuwa nan?"

Baffa ya ja shi har gindin tsamiyar ya ɗora yatsa a kan tabon. "Kai yaro, ka ga wannan? Tun da nake ban taɓa ganin ruwa irin na shekarar nan ba. Mahaifinku ma, Allah Ya jiƙansa, bai gani ba. A nan ya tsaya. Ruwa yana da iyakarsa. Yi gininka."

Muka aro siririn tiyon nan mai ruwa a ciki da magina ke daidaita gini da shi, muka auna. Ƙasan fulotin ya ɗara saran da kamu ɗaya. Hankalin kowa ya kwanta, ban da nawa.

Maganar Baffa ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita dillali ke faɗa wa mai sayen fili, ita mai unguwa ke faɗa wa ɗan kwangilar da ya zo zuba kwalbati, ita manomin fadama ke faɗa wa kansa in zai kafa rumbu: inda ruwa mafi girma ya taɓa kaiwa a iya saninmu, nan ne ƙarshensa. Ina ganin kuskure ne, kuma kuskure mai cin gidaje. Amma kafin in faɗi dalili, dole in ba maganar haƙƙinta, don ba ta wofi ba ce.

Injiniyan da ya san aikinsa, in aka tura shi ya ƙiyasta yawan ruwan da wani rafi ke kwasowa a lokacin da ya fi cika, kuma ya tarar ba a taɓa kafa ma'auni a wurin ba, abin da yake fara nema shi ne mutum irin Baffa. Zai bi gaɓa yana duba layin taɓo a bango, da tarkacen kara da leda da suka maƙale a rassan itace, da irin wannan sara. In ya samu shaida biyu ko uku a jere, ɗaya can sama ɗaya nan ƙasa, ya san gangaren da fuskar ruwan ta yi. Sai ya auna faɗin kwarin da zurfinsa har zuwa shaidar, ya duba ko cikinsa yashi ne mai santsi ko duwatsu da ciyawa masu riƙe ruwa. Da waɗannan yake lissafa gudun ruwan, ta hanyar da wani injiniyan ƙasar Ailan, Robert Manning, ya gabatar a 1889, wadda har yau ake koyarwa a jami'o'inmu. In ya ninka gudun da girman kwarin, ya samu yawan ruwan da ya wuce a kowane sakan. Ke nan saran Baffa hujja ce ta ilmi, kuma a ƙasar da ƙananan rafuka ba su da ma'auni, sau da yawa ita kaɗai ce hujjar. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wannan ba na musu.

Inda muka rabu shi ne kalmar "iyaka". Saran ya gaya mana abin da ƙoramar ta yi sau ɗaya. Bai gaya mana abin da ba za ta iya yi ba.

Mu ɗauka Baffa na tuna damina sittin tsaf, kuma gidan ƙanena zai yi shekara talatin a tsaye. In aka haɗa, damina casa'in ke nan. A cikinsu dole akwai wadda ta fi kowace ruwa. Ko da ba abin da ya sauya a duniya, babu dalilin da zai sa wannan damina ta zaɓi faɗowa cikin sittin ɗin da suka wuce ta ƙi talatin ɗin da ke tafe. Kowace shekara rabonta ɗaya da 'yar'uwarta. Talatin cikin casa'in kuwa ɗaya bisa uku ne. Wato in mutum uku suka yi gini daidai kan shaidar dattawan garuruwansu, ana sa ran ruwa ya shiga ɗakin ɗaya daga cikinsu kafin ya aurar da autarsa. Wa zai hau motar da aka ce masa ɗaya cikin uku ba ta kaiwa?

Masana awon ruwa suna da nasu lafazin da ya ƙara rikita mutane, wato "ambaliyar shekara ɗari". Jama'a na jin sa kamar adashe: wanda ya kwasa bana ba zai sake kwasa ba sai an zagayo. Na sha jin ana cewa, ai an yi babbar bara, mu da irinta sai jikoki. Ambaliya ba adashe ba ce. Ta fi kama da ƙwarya mai ƙwayar wake ɗari, casa'in da tara fari, ɗaya ja. Kowace damina a rufe ido a zaro ɗaya, a duba, a mayar da ita, a girgiza ƙwaryar. Jan na iya fitowa bana ya sake fitowa baɗi, yana kuma iya ƙin fitowa har shekara ɗari biyu. Abin da lafazin ke nufi kawai shi ne yiwuwar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. In aka tara wannan cikin shekara 30 ya zama kashi 26, cikin shekara 50 kusan kashi 40. Dattijo ɗan shekara 70 kuwa, rabi da rabi ne: ko ya ga irin wannan ruwa a rayuwarsa, ko bai gani ba. Kuma shi kansa ba shi da hanyar sanin wanne ne.

Saboda haka ne injiniya ba ya tsayawa a kan mafi girman abin da aka taɓa gani. Inda akwai ma'auni, yakan ɗauki ruwa mafi yawa na kowace shekara, ya jera su daga babba zuwa ƙarami, ya duba yadda suke tazara da juna, sannan ya miƙa layin gaba zuwa inda ido bai kai ba tukuna. Bajamushe Emil Gumbel na cikin waɗanda suka kafa wannan lissafi, a littafinsa na 1958. Ba bugun ƙasa ba ne, gaibu sai Allah. Kirdado ne mai hujja, irin na mai awon hatsi da ya daɗe a kasuwa.

Ƙasarmu ta gwada mana wannan da kanta. An ce ambaliyar 2012 ba a ga irinta ba cikin shekara 40: hukumar agajin gaggawa ta ƙirga mutum 363 da suka rasu da sama da miliyan biyu da suka bar gidajensu. Shekara goma kacal, a 2022, ruwan da aka auna a Lokoja ya zarce na 2012. A Maiduguri, wanda aka haifa bayan ambaliyar 1994 ya girma, ya yi aure, ya yi 'ya'ya, bai taɓa ganin kogin Ngadda ya shigo gari haka ba, sai daren 10 ga Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da kasuwar Monday, har gidan namun daji da gidan yari.

Akwai kuma wani abu game da shekarun da dattawanmu na yau suka yi ƙuruciyarsu. Wanda aka haifa a tsakiyar shekarun 1950 ya buɗe ido da farin 1973, ya yi magidanci da na 1984. Kusan shekara ashirin ƙasar Hausa da dukan yankin Sahel suna cikin ƙarancin ruwa. A lokacin ne garuruwa suka faɗaɗa zuwa fadamu da kwaruruka da kakanni suka bari da gangan. Tunanin da aka gina a shekarun fari, ƙaramin mudu ne a auna damina da shi.

Duk wannan kuwa in an ɗauka ƙoramar 1988 ita ce ta yau. Ba ita ba ce, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya tsaya da ni.

Ruwan da ke wucewa gindin tsamiyar ba a wurin ya sauka ba. Ya taru ne daga duk filin da ke gangarowa cikin ƙoramar. Wani injiniyan Ailan ɗin, Thomas Mulvaney, ya tsara a 1851 cewa abu uku ke haɗuwa su ba da cikar ƙaramin rafi: girman filin da ke zuba a cikinsa, ƙarfin ruwan saman, da kason ruwan da ƙasa ta ƙi sha. Lissafin na da sauƙi har ɗan sakandare zai iya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa milimita 60, ya zubo lita 6,000 ta indararo, wato duro 30 na lita 200. Gida ɗaya ke nan, a ruwa ɗaya, kuma ko ɗigo kwano bai sha ba.

Mu ce filin da ke zuba a ƙoramarmu murabba'in kilomita 2 ne, aka yi ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa. A zamanin da Baffa ya yi saransa, filin gonakin gero ne a jigawa, da kunya-kunya masu tare ruwa, da kududdufai. Mu ƙaddara kashi 30 cikin 100 ne ke gangarowa, saura ƙasa ta shanye. Lissafin Mulvaney ya ba da lita 10,000 a sakan, duro 50 duk ƙiftawar ido. Yanzu a rufe filin da kwano, da daɓen siminti, da kwalta, har kashi 70 ya riƙa gangarowa. Ruwan sama bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba, amma abin da zai wuce gindin tsamiyar ya haura lita 23,000, duro 116 da 'yan kai. Waɗannan lambobi misali ne na ɗauko, amma girman bambancin haka yake.

Akwai ƙari. Mulvaney ya lura cewa rafi yana kaiwa ƙarshen cikarsa ne a lokacin da ruwan lungu mafi nisa ya iso ya haɗu da na kusa. A cikin gona ruwa na tafiya yana tuntuɓe, sai ya yi awa biyu bai iso ba, kafin nan hadarin ya wuce. A kan lambatu da kwalta kuwa minti ashirin ya ishe shi. To, kowa ya san ruwa mai gajeren zango ya fi ƙarfi, irin wanda ake yi kamar da bakin ƙwarya sannan ya ɗauke. Da can irin wannan ruwa ba ya samun lokacin cika ƙoramar. Yanzu yana samu. Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labarin kududdufan da aka cike da shara aka yi gini a kansu. Kowane kududdufi randa ce da ke riƙe ruwa na 'yan awanni, wanda ya cike shi ya tura rabonsa ga na ƙasa da shi.

Wani zai ce wannan matsalar birni ce, daji yana nan yadda yake. Yamai ta amsa wannan. Ana auna kogin Kwara a can tun 1929, wanda ya sa tarihinsa na cikin mafi tsawo a Afirka ta Yamma. Kogin yana cika sau biyu a shekara a Yamai. Akwai baƙar cika, ruwan tsaunukan Gini da ke yin watanni a hanya ta fadamun Mali, ya iso wajen Janairu. Akwai jar cika ta Agusta da Satumba, ja saboda laka, wadda kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa daga wajen Burkina Faso. Shekaru da dama baƙar ce babba, ja ƙanwa ce. A 1985 kogin ya daina gudana a Yamai gaba ɗaya. Duk wanda ya tsaya a gadar Kennedy a wannan shekarar ya ga yashi, da wuya ya yarda da abin da ke tafe. A Agustan 2012 jar cika ta kai santimita 618, abin da ba a taɓa aunawa ba. A 2019 ta kai 638. A Satumban 2020 ta kai mita 7, ta fasa ganuwar ƙasar da aka yi don kare hayin kogi, ta shiga unguwannin Lamorde da Karaje da Kirkisoye. Sau uku cikin shekara tara ana goge "iyaka" ana sake rubutawa, a kogin da aka shekara kusan casa'in ana aunawa da ma'auni, ba da gatari ba.

Masu bincike sun gano dalilin tun a shekarun 1980 a Burkina Faso, kuma ya ba su mamaki: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke shiga koguna ya ƙaru. Manomi ba zai yi mamaki ba, don yana da sunan abin a bakinsa, fako. Fari ya kashe ciyawa, gatari ya cinye itace, an daina barin gona ta huta, sai fuskar ƙasa ta daskare ta zama kamar daɓe. Ruwa ya sauka ya zame. Daga baya kuma ruwan saman kansa ya sauya hali. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bayan nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna manyan hadura mafi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982.

Abu na ƙarshe ƙarami ne a faɗa, babba a aikace. Sara a jikin itace tsayin ruwa yake nunawa, ba yawansa ba. In yashi ya cike kwari, ko kachalla ta toshe hanya kamar yadda take yi a kogin Haɗejiya, ko aka zuba kwalbati mai ƙaramin baki shara ta rufe shi, ruwan da bai kai na 1988 yawa ba zai iya haura saran. Abin da ya faru a Mokwa da asubahin 29 ga Mayun 2025 ya isa darasi. Ma'aikatar ruwa ta tarayya ta ce ba dam ɗin Kainji ba ne, ba na Jebba ba ne. Mazauna garin sun ce ruwan sama ne ya taru a bayan tudun layin dogo har ya samu hanya, ya sauko wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a lokaci ɗaya. A kwanakin farko an ƙirga gawa sama da 150. Babu dattijon da yake da shaidar irin wannan ruwa, don ba hanyar da ya saba bi ya biyo ba.

Na san abin da Baffa zai ce, don ya faɗa mini: "To su injiniyoyin naku ba sa kuskure? Gadoji nawa ruwa ya tafi da su?" Yana da gaskiya. Mutanen Sakkwato sun ga yadda ambaliyar 2010 ta yanke hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kuma kuskuren masu ilmi, in aka bi diddigi, sau da yawa irin na Baffa ne, sai dai da takarda. A Yulin 2021 kogin Ahr na ƙasar Jamus ya kashe mutum sama da 130 cikin dare ɗaya. Taswirorin haɗari na kwarin an gina su ne a kan awon da aka fara bayan yaƙin duniya na biyu. Alhali a tsofaffin takardun garuruwan akwai labarin manyan ambaliya na 1804 da 1910, kuma da masana suka sake lissafa ta 1804 sai suka ga ta yi kafaɗa da ta 2021. Ba a sa su cikin lissafin ba. Su ma sun ɗauki abin da idon ma'auninsu ya gani a matsayin iyaka. Da sun saurari tsofaffinsu, da sun fi kusa da gaskiya. Saboda haka ba cewa nake a ajiye maganar dattawa a ɗauki ta boko ba. Cewa nake a tambayi dattawa fiye da yadda ake tambayarsu, a wuce abin da suka gani zuwa abin da aka ba su labari, sannan a ɗora a kai, kamar yadda mai gina gada ke barin rata tsakanin ruwan da ya lissafa da ƙasan gadarsa.

Mako guda bayan zuwanmu, na roƙi Baffa ya raka ni mu bi ƙoramar zuwa sama. Muka yi tafiyar kusan awa ɗaya, yana dogara sandarsa. Yana nuna mini wurare: nan gonar wane ce, ga shi yanzu gidan mai, nan kududdufin da muke kamun tarwaɗa, ga shi makaranta. Muka iso kwalbatin sabuwar hanya, baki biyu, ɗaya ya cika da yashi da robobi har rabi. Ya tsuguna ya leƙa, ya daɗe bai ce komai ba.

Ƙanena ya riga ya biya kuɗin fili, ba batun fasawa. Ya matsar da ginin zuwa tudun fulotin, ya bar gefen ƙorama ga zogale da gwanda, ya ƙara layi huɗu na bulo a harsashi. Baffa ya yi ta mitar tsadar siminti. Ranar da ake cike harsashin da ƙasa muna zaune a inuwa, sai ya ce, kamar mai magana da kansa, kakarsa ta taɓa ba shi labarin wata shekara, tun kafin a haifi mahaifinsa, da ruwa ya shiga tsohuwar marina ya cike rijiyoyin baba da yashi, har marina suka tashi suka koma cikin gari.

Na ce, "Baffa, ina marinar take?"

Ya ɗaga sanda ya nuna wani tudu mai toka-toka da ke bayanmu, can sama da fulotin.

Muka yi shiru mu uku. Sannan ya dubi ƙanena ya ce, "Gobe ka sake aro tiyon nan na magina."